Wandon Auta

Litinin, 3 ga Maris

Maɓallin wandon Auta ya tsinke yau da safe muna shan shayi. Ya yi tsalle ya bugi ƙafar tebur, yara suka fashe da dariya, na galla musu harara suka haɗiye ta. Shi ma ya ɗan murmusa, ya ce zaren yanzu ba shi da ƙarko. Na ce haka ne.

Ba haka ba ne. Tun ina budurwa nake kan keken ɗinki, daga bakin ƙofa nake sanin ƙugun mutum. Ƙanena ya ƙara aƙalla yatsu huɗu tun da aka ɗora shi a kan sabon maganin nan.

Kuma maganin yana yi, abin da ke ci mini rai ke nan. Muryoyin da yake ji sun yi shiru. Yana barci. Ya koma shagon gyaran waya, mai shagon har yabonsa yake, wai idon Auta yana ganin abin da gilashi ba ya gani. Jiya ya koya wa ƙaramar 'yata lissafi. Likita tana kiran ciwon sikizofireniya, ni dai har yau “ciwon” nake cewa.

Amma na ga wannan hanyar a baya. Wancan maganin na farko ma haka ya kumbura shi, samarin layi suka laƙaba masa Buhu, ya daina sha ba wanda ya sani. Muka wayi gari babu shi. Da muka same shi a ƙarƙashin gada, tafin ƙafarsa duk ya tsage, ya kalle ni ya ce, “Baiwar Allah, wa ya aiko ki?” Ni da na goya shi.

Ba zan sake ganin wannan ba. Ko me zan yi.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi abin. Yana fita aiki na kwashe wandunansa uku da sunan wanki, na rufe shagon ɗinkina daga ciki, na farke bayan ƙugun na saki ɗinkin. Akwai rarar yadi a ciki, Allah ya yi wa wanda ya ɗinka su albarka. Na matsar da maɓallan, na goge layin tsohon ɗinkin da ruwa da dutsen guga har ya ɓace.

Babu madubi a ɗakinsa, tun lokacin ciwon muka cire don ya ce wani na leƙensa ta ciki. Sikeli ba mu da shi. Wando ne kawai zai gaya masa. To na rufe wa wando baki.

Shuɗin ne ya ba ni wahala, ban sami zaren da ya yi daidai da shi ba. Na sa wanda ya fi kusa. Wa zai juya wando yana duba zare?

Alhamis, 6 ga Maris

Ya sa shuɗin. Ya zauna, ya tashi, ya fita. Bai ce komai ba. Alhamdu lillahi.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti.

A benci muka tarar da Tsinke. Auta ne ya sa masa sunan, tare aka kwantar da su a ɗaki ɗaya a asibitin nan bara, maganinsu iri ɗaya, har yawan da suke sha ɗaya. Mutumin nan in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Yana zaune yana cin burodi da man gyaɗa hankalinsa kwance, ni kuwa ina kallonsa ina jin haushin da ban san dalilinsa ba.

Da nas ta hau da Auta kan sikeli na tsaya ta gabansa ina yi masa surutun banza, na kashe mata ido kada ta faɗa. Ta kalle ni wani iri, ta rubuta abinta ta yi shiru.

Likita ce ba ta yi shiru ba, sai dai ta iya magana. Yarinya ce, ban jin ta girmi Auta, amma ba ta kallon agogo in kana gabanta. Ta tambayi su wa ke da jiki a danginmu, wa ke da ciwon suga. Na ce Baba, kuma shi ya yi ajalinsa, sai da aka yanke masa ƙafa. Gwaggonninmu duka. Ta kalle ni, na ce eh, har da ni, ba sai kin faɗa ba. Auta ya yi dariya.

Abin da na riƙe daga bayaninta: maganin yana taɓa wurin da ke gaya wa mutum ya ƙoshi. Wasu yana taɓa su kaɗan, wasu sosai, kuma masu bincike suna ganin gado yana da hannu, wato ƙwayoyin halittar da mutum ya samo daga iyaye. Ba gado kaɗai ba, ta nanata, akwai abinci, akwai zama wuri ɗaya, akwai irin maganin. Kuma har yanzu ba su da gwajin da zai faɗa musu tabbas wane ne zai yi ƙiba kafin a ba shi. Shi ya sa ake ta bincike. Ta ce in Auta yana so zai iya ba da yawunsa a kwalba a haɗa da na wasu, ba dole.

Fuskarsa ta canja. “Me za su yi da yawuna?” Ta yi bayani, ya ce a'a. Ta ce shi ke nan, ta wuce zancen kamar ba a yi ba. Na so ta don wannan.

A hanya ya ce, “Yaya, ashe Tsinke ba haƙuri ya fi ni ba.” Na ce duba gabanka, ga mota.

Asabar, 15 ga Maris

Na sa wa kabad ɗin abinci kwaɗo tun makon jiya. Yau Baban yara ya gani. Ya ce, “Yanzu surukin nawa ɓarawo ne a gidan yayarsa?” Na ce shi ba ya ganin yadda burodi ke ƙarewa? Ya ce yana gani, shi yake saya, kuma bai kai ƙara wurin kowa ba.

Mutumin nan da sanyin halinsa wata rana zai kashe ni.

Da yamma Auta ya tsaya gaban kabad ɗin, ya taɓa kwaɗon da yatsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, “Yaya, ba haɗama ba ce. Ina ci, ina jin abincin yana sauka, amma kamar tukunyar ba ta da gindi.” Sau nawa na kira shi mai haɗama a watannin nan? Har a gaban yara.

Na cire kwaɗon. Na sayo kabeji da kokwamba na cika firij, sai ka ce awaki muke kiwo.

Lahadi, 30 ga Maris

Rarar yadin ta ƙare. Babu sauran abin saki, shuɗin har ya fara buɗe baki a baya. Na ga yana jan numfashi kafin ya maƙala maɓalli.

Shuɗin nan shi ne na aikinsa, kusan kullum shi yake sawa. Ina ta tunani.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na zagaye kasuwa har ƙafata ta kumbura, na samo irinsa sak, lamba biyu sama. Na cire takardar lambar da ke bayan tsohon na ɗinka a sabon. Na wanke shi sau da yawa da sabulu mai ƙarfi don ya koɗe, na goge gwiwoyin da dutse. Tsohon yana da ƙuna a cinyar hagu inda ƙarfen narka dalma ya taɓa faɗo masa, na ɗora ƙusa a wuta na yi wa sabon irinta, na auna wurin da tef. Har tabon tawada na bakin aljihu na yi.

Da na shimfiɗa su biyu a kan tebur sai da na yaba wa kaina. In ba faɗin ba, ni kaina ba zan raba su ba. Tsohon na cusa shi a ƙasan buhun ƙyallaye.

Baban yara bai sani ba. In na faɗa masa zai fara wa'azi.

Talata, 8 ga Afrilu

Auta bai ci abincin yamma ba. Auta! Ya zauna hannunsa na dama cikin aljihu, yana motsa shi, yana motsa shi. Ƙaramar ta kawo masa littafinta ya ce gobe.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na shiga share ɗakinsa na tarar da kayansa duka a kan gado, an juya su ciki waje, an jera su layi. Kujera tana jingine a bayan ƙofa, da alama da ita yake tokare ta.

Haka aka fara wancan karon, da jera abubuwa.

Na ɗauko fakitin maganin na duba. Babu wanda ya tsallake. Na duba kwandon shara, na duba ƙarƙashin katifa, na duba bayan taga ko yana tofarwa. Babu. To in yana sha me ya kawo wannan?

Wani tunani ya zo mini ina tsaye a wurin, na kore shi. Ba zai yiwu ba. Aikin nan ba shi da makusa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mai shagon ya kira ni. Ya fara da doguwar gaisuwa, na san da magana. Wai kwana biyun nan Auta yana ajiye wayar mutane ya ɗora gefen wandonsa a ƙarƙashin gilashin da suke duba ƙananan ƙarafa da shi, ya yi ta kallo. Jiya wata mata ta gani ta karɓi wayarta ta fita. “Hajiya, ina son yaron nan, amma shago shago ne. In jikin ne a gaya mini.”

Na ce mura ce ke damunsa. Mura! Bakina ya saba da ƙarya har ba ya neman mai kyau.

Litinin, 14 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Likita ta taɓa koya masa wata dabara tun yana kwance a asibiti: in wani tunani ya zo masa ya kasa gane na gaske ne ko na ciwo, ya tambayi mutum ɗaya da ya yarda da shi. Ni ya zaɓa. A gabana ya zaɓe ni. Tun daga nan yakan zo ya ce, “Yaya, kin ji ana kiran sunana?” in ce a'a, ya ce to, ya koma harkarsa. Ko ya ce, “Mutumin can mu yake kallo?” in ce motar haya yake jira. Haka muke yi, kuma yana aiki.

Yau bayan la'asar ya shigo shago. Ina kan keke. Ya jira matar da ta kawo ɗinki ta fita, ya tsaya a gabana, ya kama wandon da yatsu biyu.

“Yaya, wandon nan nawa ne?”

Na ce naka ne mana, na wa zai zama?

“Akwai huji a aljihun dama. Ƙarami. In hayaniya ta yi mini yawa a shago ina sa yatsana a ciki. Yanzu babu.”

Huji. Na duba ƙuna, na duba tawada, na duba takarda, ban sa hannu a aljihu ba.

Nan ne ya kamata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ga gadar nan, na ga ƙafafunsa. Na ce a raina in ya san an kai ga canja masa wando saboda ƙiba, yau zai zubar da maganin. Sai na ji kaina ina cewa, “Ni ban taɓa ganin wani huji ba.”

Ya kalle ni. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, “To. Ciwon ya dawo ke nan.” Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya ce zaren sauran wandunan ma yana ganin kamar ba nasu ba ne, yana ganin wani yana shiga ɗakinsa in ya fita, ya san ba gaskiya ba ne amma yana gani. Ya ce in kai shi wurin Likita gobe kafin abin ya yi nisa, ba ya son yara su gan shi yadda suka gan shi wancan karon.

Na ce to. Na ci gaba da taka keke ba zare a allurar.

Talata, 15 ga Afrilu

Da kansa ya haɗa 'yar jaka, buroshi da tawul da silifas, ko za a riƙe shi. Baban yara ya ajiye aikinsa ya kai mu.

Ya zayyana wa Likita komai a tsare, kamar mai ba da rahoton wayar da ta lalace. Ana canja masa kaya. Ana shiga ɗakinsa. Ya tambayi Yaya, Yaya ta ce babu. Likita ta tambayi muryoyi, ya ce babu su. Barci, ya ce ya ragu. Ta juya biro a hannunta, ta ce abin ya ba ta mamaki, amma tunda haka ne za ta ƙara yawan maganin, kuma ta fi son ya kwana biyu a wurinsu su sa ido. Ta ce ƙarin zai iya ƙara masa yunwa da nauyin jiki, ya sani. Ya ce ya sani, a ƙara.

A ƙara. Yaron da nake tsoron zai gudu daga magani saboda ƙiba, ga shi yana roƙon a ƙara masa.

Ta ja takarda ta fara rubutu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Likita, dakata. Na ce ni ce. Na faɗa duka, sakin ƙugu, zaren, kasuwa, ƙusa a wuta. Ina faɗa ina jin yadda abin yake fita kamar zancen mara lafiya, ni ce ma ya kamata a riƙe. Baban yara ya dafe kai.

Likita ta ajiye biron. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla. Ta ce, “Ka ji? Abin da ka gani gaskiya ne. Idonka lafiya lau.”

Na zaci zai yi ihu. Ya ɗan yi wata dariya marar daɗi, ya sa hannu a aljihun, ya fitar. Ya ce, “Yaya, kina tsammani ban san na yi ƙiba ba? Ni nake sunkuyawa in ɗaure takalmina.” Na kasa ɗaga kai. Ya ce, “Ƙibar na san da ita. Abin da ban sani ba shi ne ko kaina yana gaya mini gaskiya. Ke nake tambaya. Yanzu wa zan tambaya?”

Ba a ƙara maganin ba, ba a riƙe shi ba. An ɗebi jininsa don gwajin suga. Da muka fito Likita ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce ta san tsoro ne ya sa ni, amma mai irin wannan ciwon ba abin da yake buƙata kamar ƙasa mai ƙarfi da zai taka. Na ce na gode, don ban san me ake cewa ba.

A mota ya zauna gaba. Jakar tana kan cinyata har gida.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ya zo ya ce in ba shi tsohon wandonsa. Na tono shi daga buhu na miƙa masa. Ya kuma ce in ba shi maganinsa, daga yau a wurinsa zai zauna. Na kalli Baban yara, ya kau da kai. Na ba shi.

Ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofarsa. Irin wanda na sa wa kabad, har launin.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ba ya yi mini magana sai gaisuwa. “Ina kwana, Yaya.” “Sai da safe, Yaya.” Da yara yana wasa, da Baban yara yana hira, in na shigo sai hirar ta mutu.

Ban san ko yana sha ba. Ban sani ba! Ina kallon idonsa, ina kallon tafiyarsa, ina kasa kunne ko zan ji yana magana shi kaɗai. Shekaranjiya na tsinci kaina a bayan tagarsa ina tona ƙasa da tsinke, ko zan ga farar ƙwaya. Maƙwabciya ta leƙo ta ce me ya ɓata, na ce ɗan kunne.

Jiya ya sa Baban yara ya ɗauko madubin daga sito, suka rataye shi tare. Ya rufe ƙofa. Na tsaya a tsakar gida da kwano a hannu, ban san iya daɗewar da na yi ba. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce wa Baban yara, ba ni ba, “Babanmu na gani a madubin.” Gaskiya ne, wuyan ne, da kumatun. Ni na daɗe da gani, shi ya sa ba na son kallonsa sosai.

Na ce wa Baban yara in yaron nan ya daina sha, ni na jawo. Na zaci zai ce a'a. Ya ce, “Eh. Amma in ya ci gaba da sha, shi ya yi, ba ke ba. Wannan ɗin ne ba kya so.” Ban yi masa magana ba har yau da safe.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya tafi asibiti shi kaɗai. Na shirya, na yafa mayafi, ya ce, “Ki zauna, kina da ɗinkin mutane.” Na zauna. Na yanka wa wata mata hannun riga biyu duk na hagu.

Abin da ya faru daga bakin Baban yara na ji, shi Auta ya gaya wa. Sugan yana bakin iyaka, bai tsallaka ba. Likita ta ba shi zaɓi: ko a canja zuwa wani maganin da ba ya sa ƙiba sosai, amma ba tabbas zai riƙe shi kamar wannan, ko a bar wannan a ƙara masa wata ƙwaya da ke rage hauhawar nauyin, ya kuma riƙa tafiya a ƙasa. Ya zaɓi na biyun. Wai ya ce mata shirun da ke kansa ya fi masa ƙugu.

Kuma ya ba da yawun. Wai Tsinke ma ya bayar, suka yi ta tsokanar juna a kan wa ya fi saurin cika kwalba. Likita ta gaya musu sakamakon ba zai canja musu komai yanzu ba, sai dai wataƙila na bayansu. Auta ya ce to, ai yana da 'ya'yan yaya.

Da na ji wannan sai na kalli ƙaramar, tana kwance tana zane, ga kumatun nan na gidanmu. Na tashi na shiga kicin.

Duk wannan labari ne. Ni ban ga ya haɗiyi komai da idona ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Yanzu a ƙasa yake zuwa shago ya dawo. Yana shigowa jiƙe da gumi. Mai shagon bai sake kira ba, ni ma ban kira shi ba, ko da yake na ɗauki wayar sau biyu.

Asabar, 10 ga Mayu

Shago cike yake yau, mata uku a benci. Sai ga Auta da leda a hannu. Bai wuce ciki ba, ya zauna a ƙarshen bencin kamar kowa, ya jira har layi ya zo kansa. Ina ta soke yatsana da allura.

Ya ajiye ledar a tebur. Yadi ne, ruwan toka, mai kyau, bai bari an cuce shi ba. Ya ce, “Tela, wando nake so. A auna ni.”

Na ɗauko tef. Na zagaya shi da shi, hannuna da kyar ya haɗu a bayansa. Na sa babban yatsa a kan lambar, don sabo. Ya ce, “Nawa?” Na ji ƙaryar ta taso har maƙogwarona, an rage biyu, a shirye take. Na ɗauke yatsan na faɗa masa yadda take. Da ƙarfi, har matar da ke gwada riga ta juyo.

Ya ce, “Ya ragu da ɗaya daga na asibiti.” Na ce tef ɗina ba ya ƙarya. Ya ce, “Tef ɗin kam.” Na haɗiye, na cancanta.

Ya ce in bar rarar yadi a ciki, ta yadda za a iya saki, a iya tsukewa, amma shi zai kawo da kansa in lokaci ya yi. Na ce to. Ya kai ƙofa ya tsaya, yana kallon titi. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Yaya, mai jar hular can, mu yake kallo?”

Na leƙa sosai. Na ɗauki lokaci, ban amsa da ka ba. Na ce eh, mu yake kallo, matarsa ce a ciki take gwada riga tun ɗazu, ya gaji. Ya ce to, ya tafi.

Na yanka wandon kafin magariba. Aljihun dama na bar masa ɗan wuri ban ɗinke ba, daidai yatsa. Zan gaya masa ni na bari.

Ƙofarsa a buɗe take ɗazu da na wuce da shara, kwaɗon yana rataye, fakitin yana kan tebur. Ban shiga ba. Hannuna da datti ne, shi ya sa.